Kamara mai cikakken faranti a hannun wani kamfanin fim na Maraɗi, daga damunar 2023 zuwa bazarar 2024

Asalin lamarin: 2019 zuwa Yuni 2023

Kamfanin ƙarami ne, shago biyu ne ofishinsa a unguwar Zariya cikin birnin Maraɗi. Mutum biyar ke aiki a cikinsa dindindin: furodusa, wato wani alhaji ɗan kasuwa wanda shi ke zuba kuɗi, sai darakta, mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti, da mai tacewa. Tun 2019 abincinsu na fitowa ne daga ɗaukar bukukuwan aure, da gajerun fina-finan wayar da kai da ƙungiyoyi ke ba su kwangila, da wasannin barkwanci da suke ɗorawa a YouTube. Kamararsu Canon ce irin ta hoton kati mai yin bidiyo, da lens uku.

A cikin kowace kamara akwai sansa, farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Na tsohuwar kamararsu milimita 22.3 ne a faɗi, 14.9 a tsaye. Cikakken faranti kuwa milimita 36 ne a faɗi, 24 a tsaye, girman da aka gada daga fim ɗin hoton kati. Shekara da shekaru manyan fina-finan duniya ba a wannan girma ake ɗaukar su ba, a kan Super 35 ake yi, mai faɗin kusan milimita 25. Canon 5D Mark II ta 2008 ce ta fara kai bidiyon cikakken faranti hannun masu ƙaramin ƙarfi. Daga baya manyan suka biyo: Sony ta bayyana VENICE a 2017, ARRI ta fito da ALEXA LF a 2018, aka ga Canon C500 Mark II da Sony FX9 a 2019, sai FX6 a ƙarshen 2020.

A farkon 2023 kamfanin ya yanke shawarar yin fim mai dogon zango, kashi 12, kowane kashi minti 25, kan rikicin gado a gidan wani attajiri. Burinsu su sayar wa gidan talabijin, su kuma ɗora a YouTube. Ɗan kallon Maraɗi idonsa ya saba da aikin Kano, kuma abin da darakta ya fi nacewa a kai shi ne irin hoton nan da fuskar ɗan wasa ke fitowa tar, bayansa ya narke ya yi dishi-dishi. Ya gamsar da Alhaji cewa babban faranti ne ke kawo wannan. A watan Yuni aka ba wani fatake mai zuwa Dubai saƙon Sony FX6, kamara mai cikakken faranti. Lens da katunan ajiya da ƙarin batura aka ce a bari sai an je Kano, tunda ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar yini ɗaya ce.

Kamara ta iso, iyaka ta rufe: Yuli da Agusta 2023

Kamarar ta iso tsakiyar Yuli, da batir ɗaya da kati ɗaya. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai. Kafin wata ya ƙare ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Wutar Maraɗi ta ɓangaren Katsina take shigowa, don haka garin ya koma zaman jiran wuta da ƙarar gurup, wato janareta. Tafiyar Kano ta fasu.

Sai aka dubi abin da ke hannu. Akwai adafta da ke haɗa lens ɗin Canon da bakin Sony. Biyu daga cikin lens ukun an yi su ne don ƙaramin faranti, har da Sigma 18-35 f/1.8 da mai ɗaukar hoto ke ji da shi. Da aka ɗaura shi aka buɗe faɗi, sai kusurwoyin hoton huɗu suka yi baƙi, saboda da'irar hasken da lens ɗin ke jefawa ba ta kai ta rufe farantin ba. Kamarar na da tsarin da za ta yi aiki da tsakiyar farantin kawai, girman Super 35, amma a wannan tsari HD take ɗauka, ba 4K da ya fi shi kaifi ba. Alhaji ya ce shi ba wannan ya saya ba. Lens ɗaya ya rage mai rufe cikakken faranti, 50 f/1.8, wato milimita 50 da ƙofar haske f/1.8; ƙaramar lambar f na nufin ƙofa mai faɗi. Aka samo aron 85 f/1.8 daga wani mai hoton biki, aka ce da waɗannan za a fara.

Ɗauka ta farko: Satumba 2023

An fara a wani gida a Bagalam, da niyyar gama kashi uku kafin kaka. An saita komai yadda aka gani a darussan intanet: 4K, tsarin launi na S-Log3 da ake gyara launinsa a tacewa, ƙofar lens a buɗe har ƙarshe a f/1.8. Ba a ga matsala a ƙaramin allon kamarar ba. Sai da mai tacewa ya buɗe hotunan a kwamfuta aka ga abubuwa huɗu.

Na farko fokas ne, kuma shi ya fi yin ɓarna. Bisa lissafin da aka saba, lens 50 a f/1.8, ɗan wasa na tsaye mita 2 daga kamara, abin da ke fitowa tar bai wuce zurfin santimita 17 ba. Da lens 85 a wannan nisa, kusan santimita 6 ne. Wato idan an saita a ido, kunne ya fara dusashewa. Wasan Hausa kuma ba na tsayuwa wuri ɗaya ba ne. Mace ta shigo ta durƙusa ta gaida miji, yaro ya tsuguna gaban uba, mai magana ya sunkuyo ya koma baya yana tafa hannu. Kowace irin wannan motsawa tana fitar da fuska daga fokas. A fitowar zaman rabon gado, mutum bakwai a kan tabarma, wanda ke magana kaɗai ake gani sosai, sauran sun zama inuwoyi, alhali labarin a fuskokin masu sauraren yake: wanda ya ɓata rai, wadda ta kau da kai.

An gwada barin kamarar ta bi fuska da kanta. FX6 na da wannan fasaha, kuma da lens ɗin Sony tana yi da kyau. Ta adafta sai ta riƙa jinkiri tana lalube. A taron mutane ta bar wannan fuska ta koma waccan. Dattijon da ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki, da matar da ta sa niƙabi, ta kasa gane su, sai ta kama ƙofar da ke bayansu.

Na biyu, hasken fitilun cikin ɗaki yana rawa, wasu layuka na hawa suna sauka a hoton. Kamarar ta zo a saite kan tsarin Amurka, firem 29.97 a daƙiƙa da shata 1/60 (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firem), wanda ya dace da wutar hazi 60, wato mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. Wutar Nijar hazi 50 ce, kuma ƙaramin gurup ɗin da ake aiki da shi ko hazi 50 ɗin ba ya riƙewa daidai idan aka ɗora masa kaya.

Na uku, fitowar tsakar gida da rana. A S-Log3 ƙaramin ISO na asali, wato ma'aunin yadda kamara ke jin haske, 800 ne. Cikin kamarar akwai matatar rage haske da ke tafiya daga 1/4 zuwa 1/128. A rana tsaka, da shata 1/50, ko an kai matatar ƙarshe ƙofar lens ba za ta buɗu fiye da wajen f/5.6 ba sai hoto ya ƙone. Don ya tsaya a f/1.8, mai ɗaukar hoto ya ɗaga shata sama sosai. Haske ya daidaita, amma motsi ya zama tsalle-tsalle, mai daka a turmi kamar ana fizgar hannunta.

Na huɗu, fuskoki. Hoton S-Log3 fari-fari yake fitowa a allo kafin a gyara launi, sai mai ɗaukar hoto ya ɗauka haske ya yi yawa, ya riƙa ragewa yana kare farar shadda kada ta ƙone. Shaddar ta tsira, fuskokin baƙar fata suka nutse. Da aka ɗaga su a tacewa sai ƙwayoyi suka cika su kamar yashi.

Bayan wannan akwai ajiya. A 4K da tsarin adana bidiyo na XAVC-I, firem 25 na cin megabit 250 a daƙiƙa, wato kusan gigabait 112 a awa. A firem 29.97 ma ya fi haka. Katin gigabait 160 ba ya kai awa ɗaya da rabi. Da kati ɗaya tal, sai a tsaya tsakiyar aiki a juye, 'yan wasa na zaune suna fifita. Kwamfutar tacewa ta kasa jan hoton, kuma duk sanda wuta ta ɗauke ana cikin juyewa sai a sake daga farko. Wata rana aka goge kati kafin a tabbatar juyin ya cika, fitowa biyu suka tafi.

Ƙarshen Satumba darakta ya zauna da mai tacewa suka tantance. Abin da za a iya amfani da shi bai kai rabi ba. Alhaji ya dakatar da aiki.

Gyare-gyaren da ba su yi ba: Oktoba 2023

An fara da neman ceto abin da aka riga aka ɗauka. Mai tacewa ya ƙara kaifin hoto a manhajar tacewa ta DaVinci Resolve. Gefen fuskoki ya yi zobe, idanu ba su dawo ba. Ya sa matatar goge ƙwayoyi, fata ta zama kamar roba, kwamfutar kuma ta kwana tana fitar da minti kaɗan. An sayo fitilun LED masu arha a babbar kasuwa don ƙara haske, suka ƙara rawar hoton, launinsu ma ya ja kore. An gwada 4K mai sauƙin nauyi, XAVC-L, wanda ke rage cin kati sosai, amma a wannan kamara bit 8 yake ɗauka, wato matakan launi kaɗan, don haka da aka gyara launin S-Log3 sai bangon ɗaki da sararin sama suka yi matakala-matakala.

Darakta ya kawo shawarar a koma tsohuwar kamara a gama. Alhaji bai amsa ba, bai kuma ƙi ba.

Zuwan dattijo da makon gwaji: Nuwamba 2023

Mai ɗaukar sauti ne ya kawo sunan wani dattijo da ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a gidan talabijin kafin ya yi ritaya ya dawo Tsibiri. Bai taɓa riƙe FX6 ba. Kamarorin zamaninsa na kafaɗa ne, farantinsu bai kai milimita 10 a faɗi ba, komai na fitowa tar daga gaba har baya. Ya kalli hotunan shiru, sannan ya juya ga mai ɗaukar hoto.

"Ɗana, wa ya ce maka dole ƙofar ta zauna a buɗe?"

"Baba, ai don haka aka sayi kamarar. In na rufe, bayan ba zai narke ba."

"To gidan da Alhaji ya biya kuɗi aka yi wa ado, da kwalla da tasoshin uwargida, don wa aka jera su?"

Da Alhaji ya tambaye shi ko a sayar da ita, sai ya ce: "Alhaji, doki ka saya. Sayensa rana ɗaya ne, harawarsa kullum. Ka ba mu mako guda ba tare da 'yan wasa ba."

Abin da aka yi a wannan mako ba shi da ƙyalli. An mai da kamarar tsarin hazi 50, firem 25, shata 1/50, aka liƙa takarda a jikinta cewa kada wanda ya taɓa. Aka shimfiɗa tef ɗin awo a zaure, aka tsayar da yaron shago a mita 2, aka ɗauke shi a kowace ƙofa. A f/4 lens 50 ya ba da kusan santimita 38, a f/5.6 fiye da rabin mita. Lens 35 da aka samu daga baya, a f/4 ya ba da kusan santimita 80. Abin da ya ba darakta mamaki shi ne a f/4 bayan bai daina laushi ba, sai dai yanzu ana gane ƙofa ƙofa ce. Dalili a fili yake: in aka cika firem da fuska ɗaya a ƙofa ɗaya, cikakken faranti na ba da zurfin fokas da ya gaza na Super 35 da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka f/4 a nan na kama da f/2.8 a can. Aka kafa doka: fitowar mutum ɗaya f/2.8 zuwa f/4, mutum biyu f/4, taro f/5.6 ko fiye.

Aka ɗauki mutum na shida, aikinsa fokas kawai. Kafin kowace fitowa a yi gwaji, ya sa alamar alli a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya da inda zai durƙusa, ya sa alamar da ta dace a zoben lens. Aka haɗa masa allo na inci 7 mai rumfa. Bin fuska na kamara aka bar shi don fitowar mutum ɗaya mai tahowa kai tsaye.

Don fuskoki, aka ɗora LUT, wato saitin gyaran launi, a allo yadda mai ɗaukar hoto zai riƙa ganin launi na kusa da ƙarshe, ba fari-farin nan ba. Aka samo kati mai ruwan toka na auna haske. A S-Log3 matsayinsa 41 cikin 100 ne a ma'aunin haske, fari kuma 61. Aka yarda a ƙara buɗe kusan mataki ɗaya sama da haka idan fuskar baƙa ce sosai. Mai kula da sutura ta canza farar shadda ƙal zuwa ruwan madara da sararin samaniya a fitowar waje. Maimakon ƙarin fitilu, aka ɗinka farin yadi mita 3 a kan firam na ƙarfe da wani mai walda ya haɗa, a riƙa tare rana da shi a saman 'yan wasa, da allon soso fari mai mayar da haske ƙarƙashin hula da rawani.

Ajiya ita ce ta ci kuɗi. Lissafin da aka yi: kashi 12 sau minti 25 awa 5 ke nan, in ana ɗaukar ninki 8 na abin da zai fita, awa 40, wato terabait 4.5, kwafi biyu terabait 9. Aka gane cewa katin SD mai alamar V90 na ɗaukar firem 25 a 4K ba tare da matsala ba, kuma ya fi katin CFexpress sauƙin samu. Ta Yamai aka aiko da katuna, da faifan ajiya, da lens biyu na bakin Sony, 24 da 35, a motar fasinja. Aka sa batir da inbata mai faranti na hasken rana a ofis don kwamfuta kawai. Dokar juyi: faifai biyu, a buɗe a duba, sannan a goge kati, kuma faifai ɗaya gidan Alhaji yake kwana. Kowane dare kwamfutar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, da su ake tacewa, sai ranar fitarwa a koma kan na asali.

Ɗauka ta biyu: Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024

An sake kashi ukun farko daga tushe. A nan ne amfani biyu suka fito da babu wanda ya sa su a lissafi lokacin saye.

Ɗaya a ƙananan ɗakuna ne. Ɗakin mace a gidan gargajiya, bayan gado da kabad, wurin tsayuwar kamara kaɗan ne. A tsohuwar kamara lens 24 na ganin kusan digiri 50 a faɗi, shi ya sa a da ake cire ƙofa ko a raba kishiyoyi biyu kowa da nata hoton. A cikakken faranti lens 24 ɗin na ganin fiye da digiri 70. Aka samu a haɗa uwargida da amarya da mijin da ke tsaye bakin ƙofa a firem ɗaya, rigimar ta gudana ba yanka. 'Yan wasan sun ce sun fi sakewa haka, kuma ana gani.

Ɗayan da dare ne. Kamarar na da ISO na asali na biyu, 12,800, inda hoto ke fita da tsabta. Fitowar teburin mai shayi kusa da tashar mota an ɗauke ta da fitilar mai shayin ta caji, da wutar murhunsa, da ƙaramar fitila ɗaya mai batir da aka ɓoye bayan buhu. Ba a kunna gurup ba. Mai ɗaukar sauti ya fi kowa murna, don a karon farko ya ɗauki maganar dare ba tare da gurnanin inji a ƙarƙashinta ba. A watannin da wuta ke wuya da tsadar mai, wannan ya sa aka mai da fitowa da dama zuwa bayan magariba.

Hunturu ya zo da nasa. A fitowar bakin tafkin Madarumfa, da aka rufe ƙofa zuwa f/11, ɗige-ɗige suka bayyana a sararin sama: ƙura ce ta zauna a gilashin da ke gaban faranti lokacin canza lens. Tun daga ranar ba a sake canza lens a fili ba, sai cikin mota a rufe, bakin kamara na kallon ƙasa, kuma kowace safiya a ɗauki farin bango a f/16 a duba. Hazon kansa ya taimaka, don ya tausasa rana, farin yadin ya yi kwanaki a naɗe.

Fokas bai daina kuɓucewa gaba ɗaya ba. Fitowar dambe tsakanin 'yan'uwa biyu sai da aka maimaita ta sau da yawa, ƙarshe aka ja baya da lens 24 a f/5.6 aka bar su su yi.

Tacewa da fitarwa: Maris zuwa Mayu 2024

An janye takunkumi a ƙarshen Fabrairu, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris. An riga an gama ɗauka, abin da ya yi daidai, domin kamfanin da ya ƙera kamarar ya ƙayyade aikinta zuwa digiri 40, Afrilu da Mayu a Maraɗi kuwa ana wuce haka. Zafin sai ya faɗa kan ɗakin tacewa; aka koma aiki daga la'asar zuwa tsakar dare. Gyaran launi bai yi wahala ba tunda hasken ya zo ɗaya daga fitowa zuwa fitowa.

Gidan talabijin ɗin da ya karɓi fim ɗin HD ya nema. A YouTube an ɗora 4K, amma yawancin masu kallo a waya suke, da ƙaramin ma'auni don tattalin data, wasu kuma wajen masu tura fim suke karɓa bayan an matse shi. A irin wannan kallo ba a bambance 4K da HD. Abin da ya tsallake matsewar shi ne tsabtar fuskoki da dare, kuma a kansa masu sharhi suka fi magana. Kashi 12 ɗin sun fita, wata huɗu bayan lokacin da aka tsara.

Hukunci

Kamarar ba ta gaza ba ko sau ɗaya. Duk abin da ya lalace a Satumba daga saiti ne, da lens da bai dace ba, da rashin mutum a kan fokas, da rashin tsarin ajiya. Rufe iyaka ya tsananta lamarin, amma ba shi ya haife shi ba. Ko da an je Kano, da f/1.8 za a fara.

Dalilin da ya sa aka saye ta, narkar da baya, shi ne mafi ƙarancin amfani ga irin wannan labari. Wasan gidan Bahaushe na mutane da yawa ne a wuri ɗaya, kuma matsayin kowa a inda ya zauna da yadda ya durƙusa ake karanta shi. Hoton da ya zaɓi fuska ɗaya ya shafe sauran yana rage labarin. Abin da ya biya kuɗin kamarar shi ne faɗin gani a ɗaki matsattse da iya ɗaukar dare ba gurup, kuma na biyun daga ingancin wannan sansa ne da girman ƙwayoyinsa, ba kowace kamara mai cikakken faranti ke ba da shi haka ba.

A ganina an yi kuskuren jeri wajen kashe kuɗi. Da lens, katuna, faifai da wutar ofis aka fara lissafawa, sannan gangar jikin kamara, da makon gwajin Nuwamba ya zo a Agusta, da ba a yi asarar kashi uku ba. Batun 4K kuma, in aka dubi inda fim ɗin ya ƙare, HD mai bit 10 a megabit 50, kusan gigabait 22 a awa, da ya wadatar, da faifai ɗaya bisa biyar na abin da aka saya. Hujjar da ta rage wa 4K ita ce damar matso da hoto a tacewa da ajiye fim don kasuwar gaba, kuma Alhaji ya ce wannan ta ishe shi. A zango na biyu kamfanin ya riƙe 4K, ya riƙe mai fokas a matsayin ma'aikaci na dindindin, ya kuma mai da tsohuwar Canon ɗin wajen bukukuwan aure.